Fritz Haber: Bajamushen da ya tatso taki daga iska

Manomin da ya sayi buhun yuriya a kasuwar Dambatta ko Bichi ya zuba wa dawarsa bayan noman farko, yana cin moriyar wani gajeren lissafin sinadarai ne da aka tabbatar a Jamus a shekarar 1909. Wanda ya tabbatar da shi, Fritz Haber, mutum ne da har yau aka kasa yanke hukunci a kansa: a yaba masa ko a tsine masa.

An haife shi ranar 9 ga Disamban 1868 a birnin Breslau, wanda a yau ke cikin ƙasar Foland. Mahaifinsa Bayahude ne mai fataucin kayan rini, mahaifiyarsa kuwa ta rasu makonni kaɗan da haihuwarsa. Ya karanci kimiyyar sinadarai, ya kama koyarwa a Karlsruhe a 1894.

Matsalar da ya tunkara tsohuwa ce. Shuka ba ta yin kyau sai da naitirojin, kuma kashi 78 cikin 100 na iskar da ake shaƙa naitirojin ce, sai dai gero da dawa ba sa iya ɗaukarta daga iska. A karkarar Kano, inda yawan jama'a ya hana gona hutawa, manoma sun daɗe da tasu dabarar: kashin dabbobi, da toka da sharar birni a mangalar jaki, da shuka wake da gyaɗa a tsakanin hatsi. Turawa kuwa daga ƙasar Chile suke safarar gishirin taki a jiragen ruwa, suna fargabar ranar da zai ƙare.

Lissafin da ya sauya noma

Masana sinadarai na rubuta aikin Haber kamar haka:

N₂ + 3H₂ ⇌ 2NH₃

A hagu akwai abubuwan da aka haɗa, wato naitirojin da haidirojin. A dama akwai abin da ya fito, wato amoniya. Lambobin 3 da 2 su ne ke daidaita ɓangarorin biyu: ƙwayar zarra biyu ta naitirojin a hagu, biyu a dama, shida ta haidirojin a hagu, shida a dama. Babu abin da ya ɓace, babu abin da ya ƙaru.

Kibiya mai kai biyu na nuna cewa amoniya na iya sake wargajewa, kuma nan ne gizo ke saƙa. Haber da mataimakinsa Robert Le Rossignol sun matse iskar da ƙarfin da ya kusa ninka na sararin duniya sau 200, da zafi mai tsanani, da wani ƙarfe mai hanzarta haɗuwar, har amoniya ta fara ɗigowa. Carl Bosch na kamfanin BASF ya mayar da gwajin masana'anta a Oppau a 1913.

Daga amoniya ake yin yuriya, idan aka haɗa ta da iskar CO₂. Lamba 46 da ke jikin buhun na nufin kashi 46 cikin 100 na takin naitirojin ne. Hanyar ce masana'antun Indorama a Eleme da Dangote a Lekki ke bi.

Yaƙi da ƙarshen rayuwa

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, amoniyar nan ta zama makamashin nakiyoyin Jamus. Haber da kansa ya jagoranci sakin iskar guba ta kulorin a kan sojojin abokan gaba a Ypres da ke Beljiyam, ranar 22 ga Afrilun 1915. Kwana goma bayan haka matarsa Clara Immerwahr, ita ma masaniyar sinadarai, ta harbe kanta.

Duk da haka an ba shi lambar yabo ta Nobel ta 1918, lamarin da ya fusata masana da dama.

Ƙasar da ya bauta wa ba ta saka masa da alheri ba. Da Hitler ya hau mulki a 1933 aka umarci a kori Yahudawan da ke aiki a cibiyar bincikensa ta Berlin, sai ya ajiye aiki ya bar Jamus. Ya mutu a wani otal a Basel da ke Suwizalan ranar 29 ga Janairun 1934, yana da shekara 65.