Emile Allais, Gwanin Zamiyar Ƙanƙara Na Faransa

An haifi marigayi Emile Allais ran 25 ga watan Fabrairu, 1912, a Megeve, wani ƙauye da ke cikin duwatsun Alps na ƙasar Faransa. A can ƙanƙara takan rufe ƙasa watanni, mutane kuwa su ɗaura dogayen katako biyu a ƙafa su gangaro daga kan dutse a guje. Wannan shi ne wasan zamiya, kuma da shi ya tashi tun yana yaro.

A zamanin nan mutanen Ostiriya ke riƙe da wasan. Su ne malamai, har a duwatsun Faransa, kuma bisa koyarwarsu mai wasa yakan buɗe bayan katakonsa in zai karya kwana. Allais ya ga wannan yana rage gudu, sai ya riƙa barin katakon biyu a jere yana juyawa da jikinsa.

Dabarar ta yi amfani. Cikin 1936 ya zo na uku a wasannin Olimfik na Garmisch a Jamus. Cikin 1937, a gasar duniya ta Chamonix, ya kwashe lambobin zinariya duka uku, ya ƙara ɗaya a Engelberg cikin 1938. Shi da Paul Gignoux suka rubuta hanyar tasu a littafi, ta zama tushen makarantun zamiya na Faransa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya haye teku ya duƙufa ga horarwa. Ya koyar a Portillo ta ƙasar Chile, ya horar da 'yan wasan Kanada domin Olimfik na 1948, da na Amurka domin na 1952. Da ya komo gida cikin 1954 sai ya kama aiki a Courchevel, inda ya sa ana baje ƙanƙarar hanyoyin gangara, ya kuma kafa masu sintiri don ceton waɗanda suka ji rauni. Cikin 1960 Jean Vuarnet ya ci zinariya a Olimfik bisa abin zamiya na ƙarfe mai ɗauke da sunan Allais.

Ya rasu ran 17 ga watan Oktoba, 2012, a Sallanches, yana da shekara 100, ya bar Faransa da malamai nata na kanta.