Bishop Samuel Ajayi Crowther da Riƙon Ma'aikata a Kogin Kwara

Yawancinmu mun san Samuel Ajayi Crowther a matsayin yaron da aka kama bawa, Allah ya kuɓutar da shi, har ya zama baƙar fata na farko da aka naɗa bishop a Ikkilisiyar Angilika. Abin da ba a cika gaya mana a makarantar Lahadi ba shi ne yadda ya ƙare: dattijo mai fiye da shekara 80, samarin da ya yi jika da su suna ƙaryata shi a cikin taro, suna sallamar ma'aikatansa yana zaune yana gani. Duk wanda aka ɗora wa riƙon mutane a ikkilisiya, fasto ne ko dattijo ko uwar zumunta, ya kamata ya san wannan gefe na labarin.

An haife shi wajen shekarar 1809 a Osogun, ƙasar Yarabawa. A 1821 mahara suka ci garinsu, aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu, har aka sa shi cikin jirgin bayi na mutanen Fotugal a Legas. Sojojin ruwa na Ingila suka tare jirgin a 1822, suka sauke bayin a Saliyo. Can aka yi masa baftisma ran 11 ga Disamba 1825, kuma yana cikin ɗaliban farko na kwalejin Fourah Bay a 1827.

Darasinsa na fari game da zama da mutane a Saliyo ya same shi, yana matashin malamin makaranta. Ya ga wani yaro ɗan Musulmi da laya a wuya, sai ya tsinke ta, don a ganinsa ba ta da wuri a makarantar Kirista. Uban yaron ya zo a fusace. Aka shirya muhawara, uban ya zo da manyansa, Crowther ya zo da Littafi Mai Tsarki da hujjojinsa a shirye, aka tashi babu wanda ya gusa ko taki ɗaya. Shi da kansa ya ba da wannan labari da ya tsufa. Abin da ya ɗauka daga ciki ya bi shi har kabari: mutumin da ka kunyata ba ya jin maganarka, ko da gaskiya ka faɗa.

A 1841 ya shiga tafiyar binciken Kogin Kwara tare da J. F. Schön, Bajamushen nan da ya yi aiki ƙwarai a kan harshen Hausa. Zazzaɓi ya kashe Turawa da yawa a wannan tafiya, ƙungiyar mishan ta CMS ta gane cewa 'yan Afirka ne za su iya aikin kogin. Aka naɗa Crowther fasto a Landan a 1843. Ya yi aiki a Abeokuta, inda ya sake haɗuwa da mahaifiyarsa bayan rabuwar shekara 25. A 1857 aka ba shi jagorancin sabon Mishan na Kwara. Ya ajiye Fasto J. C. Taylor a Anaca, shi kuwa ya haura arewa da begen isa Sakkwato. Jirginsu Dayspring ya bugi dutse kusa da Jabba ya lalace, ya zauna a ƙasar Nupe wajen Raba fiye da shekara guda. Bai taɓa taka Sakkwato ba.

Amma a ƙasar Nupe, wadda take bin Gwandu a lokacin, aka ga baiwarsa. Ba ya shiga gari sai ya gai da mai gari. Yana kai wa sarakuna kyauta, har da Littafi Mai Tsarki na Larabci, yana jira kwana da kwanaki a ƙofar fada ba ya gunaguni. Sarki Masaba na Bida ya amince da shi, kuma da yardar sarakunan Nupe ne aikin Lakwaja da na Kipo kusa da Egga suka zauna. A 1872 a fadar Ilori aka yi masa tambayoyi masu nauyi a kan Yesu, ko Ɗan Allah ne, ko zai sake dawowa. Bai shiga gardama ba, bai kuma ɓoye bangaskiyarsa ba. Kowace tambaya sai ya buɗe Littafi, a karanta wurin da harshen Yarbanci kowa ya ji. Aka rabu da mutunci. Daga baya, da barasar Turawa ta fara ɓata mutanen Nupe, Sarki Maliki bai ga wanda zai kai wa kuka ba sai wannan bishop. Ya aika da wasiƙa ta hannun Fasto Charles Paul na Kipo, yana roƙon Crowther ya yi magana da mahukuntan Ingila a hana shigo da ita. Ku riƙe sunan Charles Paul, za mu sake gamuwa da shi.

Ran 29 ga Yuni 1864 aka naɗa shi bishop a Kantabari. Henry Venn, sakataren CMS, shi ya tsaya kai da fata a kan haka, domin ya gaskata ikkilisiyar ƙasa ta riƙe kanta, ta mulki kanta, ta kuma yaɗa Bishara da kanta. Crowther bai nemi muƙamin ba, har ya so ya ƙi. Wasu 'yan mishan Turawa, irin su Henry Townsend na Abeokuta, suka ƙi zama ƙarƙashin baƙar fata, saboda haka aka zana masa yanki mai ban mamaki. Gidansa na Legas, inda ba shi da iko, aikinsa kuwa yana can bakin kogi, daga Bonny da Brass har ƙasar Nupe.

A nan wahalar take. An ba shi suna, ba a ba shi kayan aiki ba. Ba shi da jirgin kansa sai 1878. Kafin nan, sai ruwa ya cika, jirgin 'yan kasuwa zai haura, sa'an nan ya samu ya ziyarci tashoshinsa, galibi sau ɗaya a shekara. Ma'aikatansa yawancinsu mutanen Saliyo ne, kafintoci da masu ɗinkin takalma da malaman makaranta, karatunsu bai yi zurfi ba. Ya fi son irin waɗannan manyan mutane masu natsuwa a kan samari masu takarda, kuma da yawansu sun yi aminci har mutuwa. Amma albashi kaɗan ne, ta hannun 'yan kasuwa yake zuwa, sau da yawa a kaya ba a kuɗi ba. Mutum yana zaune wata goma babu mai leƙa shi, baƙo ne a garin, harshen ma bai gama ji ba, ga kasuwar manja da hauren giwa a ƙofar gidansa. Wasu suka faɗa ciniki, wasu shaye-shaye, wasu mata.

Mu da ke Illela, bakin iyaka da Birnin Ƙonni, ba sai an fassara mana wannan ba. Kasuwarmu ran Lahadi take ci, ranar sujada. Ma'aikacin da aka turo irin wannan gari, nesa da manyansa, in tallafinsa ya yi wata biyu bai zo ba, ya san abin da buhu biyu na kaya za su kawo in suka ƙetare iyaka. Kafin a tambayi abin da ya sa ya faɗi, a tambayi wa ya ziyarce shi, yaushe rabon a biya shi.

Duk da haka kada mu wanke Crowther tas. Uba ne ga ma'aikatansa, kuma irin uban da horo ke yi masa nauyi. Wanda ya yi laifi yakan tsawata masa a ɓoye, ya sauya masa tasha, ya jira ya ga tuba. Akwai waɗanda ya sallama, amma akwai waɗanda ya yi wa haƙurin da ya wuce kima, masu bi na garin suna gani, arna da Musulmi ma suna gani. Abu mafi muni ya faru a Anaca a 1877, inda mutum biyu masu alaƙa da mishan suka yi wa wata yarinya dūkan da ya kashe ta. Maganar ta daɗe a rufe kafin ta kai kotu a Saliyo a 1882, ta kuma zubar da sunan mishan har Ingila. Shugaban da irin wannan zai faru a gidansa labari bai iso shi da wuri ba, akwai ɓaraka a riƙonsa, ko da nisa ce ta jawo. Eli ma mutumin kirki ne, mun san abin da sanyin hannunsa ya jawo a Shilo.

Venn ya rasu a 1873, waɗanda suka gaje shi ba su da irin amincewarsa ga 'yan Afirka. Da jirgin mishan ya zo, aka damƙa shi da sha'anin kuɗi a hannun wani Bature, J. H. Ashcroft, wanda ba fasto ba ne. A 1880 wani ɗan mishan, J. B. Wood, ya rubuta rahoto mai cike da zarge-zarge a kan ma'aikatan kogin, da yawa daga jita-jita, aka aika Landan ba tare da an nuna wa waɗanda aka zarga ba. Matsayin Crowther bai sauya ba: a kawo shaida, a kira mutumin ya amsa, sa'an nan a yanke hukunci. Ba zai kori mai iyali a kan an ce ba. Turawa suka ɗauki wannan rauni ne. Ni kam a nan ina bayansa, domin abin da Bulus ya umarci Timoti ke nan game da ƙarar da aka kawo a kan dattijo (1 Timoti 5:19), shi ne kuma abin da Nikodimu ya tuna wa majalisa (Yahaya 7:51).

Sai ga samarin 1890. Graham Wilmot Brooke, ɗan shekara 25, ya sha ƙoƙarin shiga ƙasar Sudan ta hanyoyi dabam dabam bai samu ba. Shi da J. A. Robinson, wanda ya zama sakataren mishan tun 1887, suka kafa ƙungiya a Lakwaja da nufin kai Bishara ƙasar Hausa. Ba mayaudara ba ne. Sun bar jin daɗin gida, suka sa riga da rawani, suka dukufa koyon Hausa, suka ce ba sa son kariyar gwamnatin Ingila. Kuma wasu laifofin da suka gani gaskiya ne. Amma sun zo da hukunci a aljihu tun kafin su ji ta bakin kowa. A Lakwaja suka hana yawancin masu bi Jibin Ubangiji. Makarantar horar da ma'aikata da Henry Johnson, mataimakin bishop na yankin sama, ya sha wahalar ginawa, aka rufe ta. Mutanen da suka yi shekara 20 suna binne 'ya'yansu a bakin kogin nan saboda Bishara, samarin da ba su yi damina biyu ba suka auna su suka ce ba su da Ruhu.

A watan Agusta 1890 kwamitin kuɗi ya zauna a Anaca, bishop ne ke kan kujera, F. N. Eden ne sakatare. Aka yi ta kawo sunayen ma'aikata ana yanke musu hukunci. Da aka zo kan fastocin da aka naɗa, Crowther ya ce wannan hurumin bishop ne, kwamitin kuɗi ba shi da ikon dakatar da wanda aka ɗibiya wa hannu. Eden ya ce shi ne wakilin CMS, ya dakatar da su. Dandeson Crowther, ɗan bishop kuma mataimakinsa a yankin bakin teku, shi ma aka dakatar da shi a zaman. Aka yi wa tsohon maganganun da ko yaron gida ba a yi wa. Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye kujerar kwamitin. Cikin waɗanda wannan shara ta kwashe har da Charles Paul, mutumin da Sarkin Nupe ya amince ya ba shi wasiƙarsa.

A lura da abin da samarin suka tsallake. Matiyu 18 ya shimfiɗa matakai, daga kai da ɗan'uwanka ku biyu, zuwa shaidu, kafin taro. Su da taro suka fara. Sun haɗa mai laifi da marar laifi a tsintsiya ɗaya, har ya zama ba wanda zai iya karɓar gyara ba tare da ya yarda cewa duk baƙar fata bai cancanci shugabanci ba. Da haka suka rufe ƙofar gyaran da su kansu suke nema. Labari ya kai Legas da Saliyo, masu bi suka harzuƙa. Kwamitin Landan ya soke wasu hukunce-hukuncen, har da na Dandeson, amma ruwa ya riga ya zube.

Shanyewar jiki ta kama Crowther a 1891, ya rasu a Legas ran 31 ga Disamba na shekarar. Robinson ya riga shi, a Lakwaja, cikin watan Yuni. Brooke ya bi su a Maris 1892, shi ma a Lakwaja, bai ga Kano ko Sakkwato ba. A Afrilu 1892 ikkilisiyoyin bakin teku suka tsaya da ƙafafunsu a ƙarƙashin Dandeson, suka daina karɓar kuɗin CMS. Aka naɗa Bature a gurbin Crowther, kuma sai da aka yi kusan shekara 60 kafin wani ɗan ƙasa ya sake riƙe dayosis na Angilika a Nijeriya.

Cikin samarin nan akwai H. H. Dobinson, wanda ya zauna a taron Anaca a gefen Eden. Shi bai mutu da wuri ba, bai kuma koma gida ba. Ya ci gaba da aiki cikin Inyamurai, ya koyi harshen, ya ɗanɗani abin da ma'aikatan Saliyo suka ɗanɗana na kaɗaici da zazzaɓi da jinkirin girbi. Bayan 'yan shekaru ya tsaya a gaban masu bi 'yan Afirka ya nemi gafara a kan abin da aka yi wa bishop da mutanensa, ya koma mai roƙon a ba 'yan ƙasa shugabanci. Ya rasu a bakin aikinsa a 1897. Ikkilisiyar Ingila kuwa sai a watan Yuni 2014, wajen bikin cika shekara 150 da naɗin Crowther, Babban Bishop Justin Welby ya tsaya a majami'ar Kantabari ya furta tuba a madadinta.