Tepano Jaussen: Bishop ɗin da ya tara allunan da aka kasa karantawa har yau

An haifi Florentin-Étienne Jaussen a shekarar 1815 a ƙauyen Rocles da ke kudancin Faransa. Ya shiga ƙungiyar limaman Katolika ta Picpus, ya yi aiki a ƙasar Chile, sannan a 1848 aka naɗa shi bishop na farko na Tahiti, can tsakiyar Tekun Fasifik. Mutanen wurin suka riƙa kiransa Tepano, yadda harshensu ke furta sunan Étienne, har sunan ya bi shi. Ya naƙalci harshen Tahiti har ya rubuta masa nahawu da ƙamus, kuma a zamaninsa aka kammala babbar majami'ar Papeete a 1875. Amma abin da ya sa sunansa ya wanzu ya zo ne daga wani ɗan tsibiri mai nisa, Rapa Nui, wanda Turawa ke kira Tsibirin Ista.

A ƙarshen 1862 masu farautar bayi daga Peru suka dira tsibirin, suka kwashe mutane kusan 1,500, har da sarakai da masu ilimin gargajiya. Jaussen na cikin waɗanda suka matsa lamba a mayar da su gida. Kaɗan ƙwarai suka koma da rai, su ma da cutar agana suka koma, ta bi sauran ta karkashe. Zuwa 1877 mutum 111 kawai aka ƙirga a tsibirin. Cikin waɗanda suka salwanta akwai kusan duk mai iya karanta rongorongo, rubutun da ake sassaƙawa a allunan katako da zanen tsuntsaye, kifaye, mutane da tsirrai.

A ƙarshen shekarun 1860 wani limami, Gaspard Zumbohm, ya kawo wa bishop kyauta daga sabbin Kiristocin tsibirin: doguwar igiya ta gashin mutum da aka naɗe a jikin guntun katako. Da ya warware igiyar sai ya ga katakon cike da alamomi a jere, layi bisa layi. Nan take ya aika wa Hippolyte Roussel, limamin da ke tsibirin, cewa ya tattaro duk allon da ya rage, ya kuma nemo masu karantawa. An samu 'yan alluna, ba a samu makaranci ba.

A farkon shekarun 1870 Jaussen ya ji labarin wani ɗan Rapa Nui mai suna Metoro Tau'a Ure, wanda ke ƙwadago a wata gona a Tahiti, aka ce ya yi karatun allunan yana yaro. Bishop ya ajiye alluna huɗu a gabansa. Metoro ya fara daga kusurwar hagu ta ƙasa, ya bi layi zuwa dama yana rerawa, da ya kai ƙarshe sai ya juya allon kai ƙasa ya kama layi na gaba. Bincike na baya ya tabbatar da cewa haka ake bin rubutun. Jaussen ya rubuta kalmomin da suka fito daga bakinsa, ya jera alamomi ɗaruruwa, kowace da ma'anar da aka ba ta.

A nan matsalar take. Idan Metoro ya ga zanen tsuntsu sai ya ambaci tsuntsu, idan ya ga mutum riƙe da wani abu sai ya faɗi hakan, kuma alama ɗaya takan samu suna dabam a wani wuri. Jimlolin ba su haɗu sun ba da labari ba. Bayyana siffar alama dabam ne da karanta ta. Allon da ake kira Mamari ya nuna wannan a fili. A 1958 Bajamushe Thomas Barthel ya gane cewa wasu layuka a cikinsa kalandar wata ce: jerin alamomin jinjirin wata, a tsakiyarsu kuma da'ira mai ɗauke da wata halitta a zaune, wadda masana ke ɗauka cikakken wata ne. Metoro ya rera waɗannan layuka bai ambaci kalanda ba. Wannan sashe shi kaɗai ne masana suka yi ittifaƙi a kan abin da yake magana a kai, duk da haka babu mai iya furta shi.

Jaussen ya ajiye muƙaminsa a 1884, ya rasu a Tahiti ranar 9 ga Satumba, 1891. Aka buga jerin alamominsa a 1893, bayan mutuwarsa. Allon Keiti ya ƙone a 1914 lokacin da sojojin Jamus suka cinna wa ɗakin karatu na Louvain a Beljiyam wuta. Hotuna da kwafi ne suka ceci abin da ke jikinsa. Tahua, Aruku Kurenga da Mamari suna Roma a hannun ƙungiyarsa. Duka abubuwan da ke ɗauke da rubutun a duniya ba su kai talatin ba.

Bai warware rongorongo ba, amma ya rubuta abin da ya ji yadda ya ji shi, ya kuma adana allunan, shi ya sa na baya suka iya auna maganar Metoro suka ga inda ta tsaya. A 2024 gwajin kimiyya ya nuna cewa katakon nan na farko, wanda ya zo naɗe da igiyar gashi, na bishiyar da ta rayu wajen shekarar 1500 ne, fiye da ƙarni biyu kafin Turawa su fara sauka tsibirin a 1722. Gwajin ya faɗi shekarun icen. Ranar da aka sassaƙa alamomin, da abin da suke cewa, har yanzu ana nema.