Michael Ani: Shugaban FEDECO da ƙuri'un Kano suka jarraba

Ba kasafai ake tuna Cif Michael Ani ba, amma hukuncin hukumarsa ne ya buɗe Jamhuriya ta Biyu. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne da Janar Obasanjo ya naɗa shugaban hukumar zaɓe ta FEDECO a 1976.

A zaɓen shugaban ƙasa na 1979, doka ta buƙaci mai nasara ya samu rubu'in ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohi 19. Shagari ya samu a 12, a Kano kuwa bai kai ba. Hukumar ta ce ma'aunin shi ne jihohi 12 da biyu bisa uku, ta ayyana shi. Awolowo ya garzaya kotu, amma Kotun Ƙoli ta tabbatar da Shagari.

Ani ya rasu a 1985. Har yau ana jayayya kan wannan lissafi.