Rudolf Laban

Rudolf Laban (15 ga Disamba, 1879 – 1 ga Yuli, 1958) masanin rawa ne kuma mai tsara ta, haifaffen daular Ostiriya da Hangari, wanda ya yi yawancin aikinsa a Jamus da Ingila. Ana lissafa shi cikin waɗanda suka aza harsashin rawar zamani a Turai. An fi saninsa da abubuwa uku: jawo mutanen gari su shiga rawa maimakon su tsaya kallo, nazarin yadda jiki ke amfani da sararin da ke kewaye da shi, da ƙirƙiro hanyar rubuta motsi a takarda.

Farkon rayuwa

An haife shi a Pozsony, garin da a yau ake kira Bratislava, babban birnin Slobakiya. Mahaifinsa babban hafsan soja ne da aka tura aiki yankin Bosniya, don haka Laban ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a can, inda ya ga raye-rayen gargajiya da juyin da darwishan Sufaye ke yi a wajen zikiri. An sa shi makarantar soja, amma bai daɗe ba ya bar ta, ya koma koyon zane da fasalin gine-gine a Munich da Paris. Sai wajen shekara talatin da haihuwa ya mai da hankali kacokan ga rawa.

Rawar taron jama'a

A zamaninsa, rawar manyan ɗakunan wasa na Turai aikin ƙwararru ce, sauran mutane kuwa su sayi tikiti su zauna. Laban yana ganin duk mai jiki yana da rabo a rawa. Daga 1913 ya riƙa koyarwa lokacin zafi a Monte Verità, kusa da Ascona a Suwizalan, inda ɗalibai ke rawa a fili, ba takalmi, wani lokaci ma ba kiɗa. Mary Wigman, wadda ta shahara daga baya, tana cikinsu.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kafa ƙungiyoyin motsi a Hamburg, suka bazu zuwa wasu biranen Jamus. 'Yan ƙungiyar ma'aikata ne da malamai da ɗalibai, suna taruwa bayan aiki su yi motsi tare, kuma ana yin abin ne don masu yin sa, ko da babu ɗan kallo ko ɗaya. Rawar da jama'ar gari ke shiga daɗaɗɗen abu ne a wurare da yawa, kamar a bikin Uhola na Dakarkarin Zuru. Abin da Laban ya yi shi ne neman mayar da ita cikin biranen masana'antu. A 1929 ya tsara jerin gwanon masu sana'o'i a titunan Viyana, wanda kimanin mutum 10,000 suka shiga.

Jiki da sarari

Laban ya kira sararin da mutum zai iya taɓawa da hannu ko ƙafa ba tare da ya gusa ba da suna kinesfiya. Don koyar da ɓangarorinta, yakan sa ɗalibi ya ƙaddara yana tsaye cikin wata siffa mai fuska 20, yana miƙa gaɓoɓinsa zuwa kusurwoyinta. Ya kuma ce ana gane yanayin kowane motsi ta abubuwa huɗu: nauyi, lokaci, sarari da gudana.

A 1928 ya buga tsarinsa na rubuta rawa, wanda aka fi sani da Labanotation. Ana karanta shi daga ƙasa zuwa sama. Layin tsakiya ya raba jiki dama da hagu, siffar alama tana nuna inda aka dosa, inuwarta tana nuna sama ko tsakiya ko ƙasa, tsawonta kuma yana nuna daɗewar motsin. Kamar yadda haruffa ke adana magana, haka tsarin ke ba wanda bai taɓa ganin wata rawa ba damar sake shirya ta.

Zamanin Nazi

A 1930 aka naɗa shi shugaban rawa na babban ɗakin wasan gwamnati a Berlin. Da 'yan Nazi suka karɓi mulki a 1933 bai bar ƙasar ba. A shekarar aka cire yaran da gwamnati ta ce ba jinin Ariyan ba ne daga ajin da ke ƙarƙashinsa, kuma daga 1934 ya shugabanci wata hukumar rawa da ke ƙarƙashin ma'aikatar farfaganda ta Joseph Goebbels. Gwamnatin da ke son ganin dubban mutane suna motsi bai ɗaya ta sami abin amfani a irin aikinsa.

Dangantakar ta lalace a 1936. Laban ya shirya wasa mai mutum kimanin 1,000 don bukukuwan gasar Olamfik ta Berlin, amma Goebbels ya kalli gwajinsa ya hana a nuna shi. Masana tarihin rawa na ci gaba da muhawara kan girman alhakin da ke wuyansa a waɗannan shekaru.

Ingila da mutuwarsa

Ya tafi Paris a 1937, sannan ya isa Dartington Hall a Ingila a 1938, inda tsohon ɗalibinsa Kurt Jooss ya karɓe shi. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu shi da F. C. Lawrence sun yi nazarin motsin ma'aikatan masana'antu don rage musu gajiya, abin da ya haifar da littafinsu Effort a 1947. Littafinsa Modern Educational Dance na 1948 ya yi tasiri a kan koyar da rawa a makarantun Birtaniya, tare da aikin abokiyar aikinsa Lisa Ullmann, wadda ta buɗe cibiyar koyar da motsi a Manchester.

Ya mutu a Weybridge yana da shekara 78. Makarantar kiɗa da rawa ta Trinity Laban da ke Landan, wadda aka samar a 2005, tana ɗauke da sunansa.