Marigayi Shinichi Suzuki, Malamin Da Bai Yarda Akwai Daƙiƙin Yaro Ba

An haifi Shinichi Suzuki ranar 17 ga Oktoba, 1898, a birnin Nagoya na ƙasar Japan. Mahaifinsa, Masakichi Suzuki, yana da babbar masana'antar ƙera gogen Turawa, wato abin kiɗan nan mai tsirkiya huɗu da ake ɗorawa a kafaɗa. Yaron ya tashi yana taya aiki a masana'antar, amma bai ɗauki gogen a bakin komai ba illa hajar sayarwa. Sai da ya shekara 17 ya ji faifan garmaho na wani gwanin makaɗi mai suna Mischa Elman. Kiɗan ya ratsa shi, har ya ɗauko goge ɗaya ya kai gida, ya shiga kwaikwayon abin da kunnensa ya ji, ba tare da malami ba.

Daga baya ya yi karatu a Tokiyo, sannan a farkon shekarun 1920 ya tafi birnin Balin na Jamus, inda ya ɗauki darasi a wurin Karl Klingler. A 1928 ya auri wata Bajamushiya, Waltraud Prange, suka koma Japan tare. Da yake ya fara koyo a makare, bai kai sahun manyan makaɗan duniya ba. Sunansa a fagen koyarwa ya fito.

A farkon shekarun 1930 wani magidanci ya kawo masa ɗansa mai shekara huɗu, Toshiya Eto, domin ya koya masa goge. Suzuki ya rasa ta inda zai ɓullo wa yaro ƙarami haka. Yana cikin wannan tunani sai ya lura da abin da kowa ke gani bai kula ba: duk yaron Japan yana jin Japananci sarai, alhali shi kansa ya sha wuya da Jamusanci da girmansa. Babu uwar da ke yi wa jaririnta jarrabawa kafin ta koya masa magana. Yaro yana ji ne kullum, ya gwada, a yaba masa, ya maimaita, har bakinsa ya faɗa. Nan ya tsai da ra'ayi cewa gwaninta ba gado ba ce, renonta ake yi.

A kan wannan ya gina tsarinsa. Ba ya tace ɗalibai. Yaro zai fara tun yana shekara uku ko huɗu da ɗan ƙaramin goge daidai hannunsa, kuma zai riƙa sauraron kiɗan a gida kowace rana tun kafin ya taɓa tsirkiya. Karatun alamomin kiɗa sai daga baya, kamar yadda magana ke riga rubutu. Uwa ko uba dole su zauna a wurin darasi, domin su ne malamai a sauran kwanakin mako. Ba a watsar da tsohon darasi don an sami sabo.

Yaƙin Duniya na Biyu ya tarwatsa aikin. An jefa wa masana'antar gidansu bam, ɗalibai suka watse. Bayan yaƙin ya nemo ɗalibinsa Koji Toyoda, wanda ya zama maraya, ya riƙe shi a gidansa. Wannan maraya daga bisani ya zama jagoran masu goge a wata babbar ƙungiyar makaɗa ta Balin. A 1946 Suzuki ya kafa makaranta a garin Matsumoto. Abin da ya gani a yaƙi ya ƙara masa yaƙinin cewa manufar darasi ita ce gyara halin yaro, ba samar da ƙwararrun makaɗa kaɗai ba.

A 1958 aka nuna hoton majigi na ɗalibansa a Kwalejin Oberlin ta Amurka, malamai suka yi ta mamaki. A 1964 ya kai yara goma Amurka suka yi wasa a garuruwa da dama. Tare da malamai irin su Haruko Kataoka aka daidaita tsarin da koyon fiyano, kuma a yau yara da manya suna amfani da littattafansa a ƙasashe masu yawa. Bai tsira daga suka ba. Wasu malamai sun ce ɗalibansa kan yi rauni wajen karanta alamomin kiɗa, kuma kwaikwayo ya yi yawa a wasansu.

Suzuki ya ci gaba da koyarwa har ya haura shekara 90. Ya rasu a Matsumoto ranar 26 ga Janairu, 1998, yana da shekara 99.

Masu karatu, da yawanmu muna biyan malaman darasi kuɗi mai tsoka, mu fice tun asuba, idan sakamako bai yi kyau ba mu ce yaro ba shi da kai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawar sai ya kasance a wurin. Kafin mu yanke wa yaro hukunci, ya kamata mu tambayi kanmu abin da kunnensa ke ji a gida, da kuma ranar da muka zauna kusa da shi yana koyo.