FRITZ ZWICKY: MUTUMIN DA YA AUNA ABIN DA BA A GANI

An haifi Fritz Zwicky ran 14 ga Fabrairu, 1898, a birnin Varna na ƙasar Bulgeriya. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mutumin Suwizalan. Yana ɗan shekara shida aka aike shi wurin kakanninsa a Suwizalan, da nufin ya koyi kasuwanci, amma zuciyarsa ta karkata ga lissafi da kimiyya. Ya yi karatu a Zurich, a 1925 kuwa ya tafi makarantar Caltech a Amurka, inda ya yi sauran rayuwarsa.

Ɗalibai, ku tuna taurari ba a warwatse suke barkatai ba. Suna cikin garke-garke, kowane garke da dubban miliyoyin taurari, garkunan kuma sukan taru su zama gungu. A 1933 Zwicky ya binciki wani gungu da ake kira Coma. Ya tarar garkunan cikinsa suna gudu ƙwarai, wajen kilomita 1,000 a daƙiƙa ɗaya. Duk wanda ya taɓa wulwula majajjawa ya sani, in gudu ya yi yawa, igiya kuwa ba ƙarfi, dutsen ficewa zai yi. Igiyar gungu ita ce ƙarfin ja na nauyin abin da ke cikinsa. Da ya lissafta nauyin taurarin da ke haske, sai ya ga bai ko kusa isa ya riƙe garkunan ba. Ga shi kuwa gungun bai watse ba. Saboda haka ya ce lalle akwai wani abu mai nauyi wanda ba ya ba da haske, ya sa masa suna da Jamusanci, ma'anarsa abu mai duhu.

Lissafinsa ya nuna nauyin ya ninka na bayyane wajen sau 400. Adadin ya yi yawa, gama nisan garkuna da aka sani a lokacin ba daidai ba ne. Amma ainihin maganar tana nan.

Shekara wajen arba'in ba a kula da ita sosai ba. Gaskiya dai halinsa bai taimake shi ba, gama mutum ne mai kaifin harshe, ya ɓata da abokan aiki da dama, har da Walter Baade wanda suka yi bayanin fashewar manyan taurari tare a 1934. Duk da haka, shi ne ya tattara littattafai masu yawa ya aika wa ɗakunan karatu da Yaƙin Duniya na Biyu ya lalata.

Daga 1970 Vera Rubin da Kent Ford suka auna juyawar garkuna ɗaya ɗaya, suka fara da Andromeda. Ya kamata taurarin bakin garke su yi tafiya a hankali, tun da suna nesa da tsakiya. Sai aka tarar gudunsu bai ragu ba. Yau masana sun fahimci cewa taurari da iska da ƙura sun taru a tsakiya da cikin fili mai kamar faifai, abu mai duhun kuwa ya lulluɓe faifan ta ko'ina, ya zarce shi nesa. A sararin sama duka ya ninka abin da muka saba da shi wajen sau biyar, har yanzu kuwa ba a gano ko mene ne shi ba.

Zwicky ya rasu a Pasadena ran 8 ga Fabrairu, 1974, kwana shida kafin ya cika shekara 76. An binne shi a Mollis, can Suwizalan.